Mata Goma Sha Tara da Ƙirgata Ta Tsallake

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki rufa mini asiri kada sunana ya fito a jarida. Wata biyu ke nan ina yawo da wani abu a ƙirji kamar na haɗiyi dutse. Sau huɗu ina fara wannan wasiƙa ina gogewa, saboda duk lokacin da na rubuta sai in ga na yi wa kaina kwalliya. Wannan karon zan faɗa yadda yake, ko da za ki tsane ni.

Ina aiki a wani ƙaramin kamfani da ke rubuta manhajar kwamfuta. Mu tara ne a ɗaki ɗaya, a saman wani kantin taya, inda warin roba ke biyo mu har kan tebur. Aikin da ke riƙe da kamfanin shi ne manhajar wani ɗakin gwaji da ke duba mata don a gano sankarar mahaifa tun ba ta yi ƙarfi ba. Kowace safiya sakamakon jiya yana shigowa a jere. Manhajar tana bin jerin ɗaya bayan ɗaya, duk wadda aka ga alamar matsala a nata sai a cire ta a ba nas sunanta ta kira ta. Waɗanda suka rage sai a tura musu saƙo a waya cewa lafiyarsu ƙalau, su dawo bayan shekara uku.

Wanda ya rubuta wannan sashe shi ne Kawu. Ba ƙanin mahaifiyata ba ne, aminin marigayi babana ne, amma da Kawu na buɗe baki na kira shi. Shi ya fara ɗora hannuna a kan kwamfuta, shi ya kawo ni kamfanin, kuma teburinsa na jikin nawa. Yana da wata ɗabi'a da matasan ofis ke yi wa dariya: in zai bi jeri yana cire abu, ba ya farawa daga na farko, sai ya faro daga na ƙarshe ya gangaro. Har suka laƙaba masa Malam Ci-baya, ni kuma 'yar Ci-baya. Shi dariya yake yi. Ni ce abin ke ci wa rai, don ina son a san ni da kaina, ba da tsohon yayi ba.

Wata goma da suka wuce nas ɗin ɗakin gwajin ta yi ƙorafi cewa sunayen da ake ba ta suna zuwa a kife, wadda ta zo ƙarshe ita ce a sama. Manaja ya ce in duba. A ranar tawa kwamfutar tana wurin gyara, Kawu kuma yana asibiti ana cire masa yanar ido, sai na zauna a kujerarsa na shiga da sunansa, kamar yadda muka saba yi a ofis ɗin ba tare da kowa ya ga laifi ba. Na ga dalilin kifewar nan take, wato ƙirgarsa ta baya. Na juya ta ta koma daga farko zuwa ƙarshe. Layi ɗaya ne, bai ɗauke ni minti biyu ba. Na gwada da sunaye goma na ƙarya, komai ya fito daidai, nas ta aiko da godiya. Na tashi ina jin kaina, har na sayo wa 'yan ofis lemo.

Gwaggo, bari in bayyana miki abin da na yi, don kada ki ɗauka sharrin na'ura ne. Ki ɗauka mata ne zaune a dogon benci, kowace da lambar wurin zamanta, kuma da an tashi ɗaya sai na bayanta duk su matso su cike gurbin. In kin faro daga gaba, kin zo kan ta uku kin tashe ta, ta huɗu za ta matso ta zama ta uku. Ke kuwa kin gama da uku, sai ki wuce huɗu. Wadda ta matso ɗin ba wanda ya kalle ta. In lafiyarta ƙalau, ba a yi asarar komai ba. In ita ma tana da matsala, shi ke nan ta zauna cikin masu lafiya. Amma in daga baya kika faro, duk wadda za ta matso kin riga kin duba ta. Dalilin Kawu ke nan. An koya mana wannan a makaranta, na ci jarrabawa a kai, amma ranar girman kai ya rufe mini ido. A sunaye goman da na gwada ban jera masu matsala biyu kusa da juna ba.

Wata takwas manhajar ta yi a haka. Sai wata safiya manaja ya tara mu, ya haska hoton wani saƙo a bango, irin namu, mai cewa lafiya ƙalau. Wata tela aka tura wa, mai 'ya'ya uku. Ita da ƙanwarta suka je gwajin tare, ƙanwar tana jin tsoro, sai yayar ta ce wa ƙanwar ta fara shiga, ita tana bayanta. Dukansu biyu an ga alamar. An kira ƙanwar, an yi mata magani, ta warke. Yayar ta matso gurbin ƙanwarta a jerin, ta samu saƙon lafiya, har ita ta yi jinyar ƙanwar. Sai da jini ya ƙi tsaya mata aka koma, aka tarar ciwon ya bazu. Ina kallon bangon nan na san abin da ya faru tun kafin manaja ya rufe baki.

Kuma ni aka ba binciken, don ni ce na fi kowa sanin aikin Kawu. A rumbun da muke ajiye manhajar, duk gyaran da aka yi yana ɗauke da sunan wanda ya yi da ranar da aka yi. Na kai wa manaja layin, na kai masa sunan, na bar ranar. Shi ba ya karanta irin rubutunmu, bai tambaya ba. Abin da ya tambaya shi ne ko akwai wasu matan da abin ya shafa. Na ce sai an yi rashin sa'a masu matsala biyu sun biyo juna, kuma da wuya hakan ta faru. Ya cafke maganar nan hannu biyu, ya gaya wa ɗakin gwajin cewa tsautsayi ne na mutum ɗaya. Suka sake duba sakamakon ranar telar kawai, aka rufe magana. Na mayar da ƙirgar yadda take a da, tun daga nan ba a sake tsallake kowa ba.

Kawu bai yi musu ba, wannan ne ke kashe ni. Ya ce in sunansa ne a kai to shi ne, a watannin nan idonsa ba ya gani sosai, wataƙila ya taɓa abin da bai sani ba. Bai ko nemi a nuna masa ba. Aka ce ya rubuta takardar ajiye aiki da hannunsa don a rufa masa asiri. Ya bi mu tebur tebur yana neman gafara. Da ya zo kaina sai ya ajiye mini tsohon littafinsa na rubutu da kofin shayinsa, ya ce in riƙe aikin da kyau. Daga baya na ji ya je asibiti neman yafiyar telar, mijinta ya kore shi tun daga bakin ƙofa a gaban mutane. Yanzu ba ya taɓa kwamfuta, yana zaune a ƙofar gida da rediyo. Duk mako yana zuwa gaida mahaifiyata, ni kuma in na ji muryarsa sai in shige bayi in kunna famfo.

Mako uku da suka wuce na kasa daurewa. Lokacin cin abincin rana, da ofis ya watse, na sake bi ta kan sakamakon wata takwas ɗin nan, wannan karon daga baya. Ina fatan in ga biyu ko uku. Goma sha tara na gani, ban da telar. Mata goma sha tara suna can suna harkokinsu da saƙon lafiya ƙalau a wayoyinsu, mafi daɗewa a cikinsu ta kusa wata goma. Na buga sunayen a takarda, tana cikin littafin Kawu a jakata. Na haddace su ba da niyya ba. Akwai mai shekara ashirin da shida, sa'ata.

Ga inda na maƙale. Ba yadda zan fito da sunayen nan ban nuna ranar da aka yi gyaran ba, don dole a tambayi daga yaushe abin ya fara. Ranar kuwa kowa ya san Kawu yana kwance da bandeji a ido, duk ofis mun je duba shi da yamma, ni ce ma na riƙe ledar 'ya'yan itace. Kuma kowa ya san wadda ta zauna a kujerarsa.

Maigidana kaɗai na gaya wa. Mutumin kirki ne, amma tsoro ya kama shi, don ina da ciki wata shida. Da farko ya ce in yi shiru, abin da ya faru ya faru, kuma ai matan in sun ji ciwo za su je asibiti. Da ya ga ba na cin abinci sai ya ce in aika takardar ba suna. Na je har bakin ɗakin gwajin da ita, na yi ta zagaye, na dawo. Na kuma nemi shagon telar na tsaya a tsallaken titi. Ƙofar a rufe rabi, an lulluɓe keken ɗinkin da zani, akwai riga a rataye hannu ɗaya ba a haɗa ba. Ban san me na je nema ba.

Gwaggo, ba ni na sa musu ciwon ba, kuma ban yi da gangan ba, wannan nake gaya wa kaina kullum. Amma in na yi magana, aikina ya tafi, ba kuma wanda zai sake ɗaukata a wannan sana'a, wataƙila ma a kai ni kotu da cikin nan. Mahaifiyata tana da hawan jini, ban san yadda za ta ji cewa 'yarta ta bar aminin mijinta ya ɗauki wannan kaya ba. Ga Kawu, da wane ido zan kalle shi? Ga kuma matan nan. Ki gaya mini abin da zan yi, kaina ya ƙulle.

Taki,
Mai Gyaran Gangar Auzinawa

*

'Yata,

Ban jira ranar bugawa ba. Ranar da wasiƙarki ta iso na aika miki da wannan amsa ta adireshin da kika rubuto, ina kuma fatan kafin masu karatu su gan ta kin riga kin tashi. Na buga ta ne bayan na sauya abin da zai nuna ki, don na san ba ke kaɗai ke zaune a kan irin wannan takarda ba.

Ni ban san kwamfuta ba, amma na jera cokula shida a kan tebur na bi bayaninki, na ga yadda na huɗu ya sulale ya wuce ni. Don haka na yarda da ke, kuskuren farko kuskure ne, kuma ba naki ke kaɗai ba. Ofis ɗin da kowa ke shiga da sunan kowa yana da laifi. Manajan da ya bar gyaran da ya shafi rayukan mutane ya wuce ba ido na biyu yana da laifi, haka ɗakin gwajin da bai taɓa haɗa adadin masu matsala da adadin waɗanda aka kira ba. Kawunki ma, da ya rubuta layi ɗaya a gefe yana faɗin dalilin ƙirgarsa, da ba mu zo nan ba. In da a nan labarin ya tsaya, da rarrashinki kawai zan yi.

Amma bai tsaya ba. Ranar da kika ɓoye kwanan wata idonki biyu. Ranar da kika ce da wuya, alhali ba ki duba ba, idonki biyu. Mako ukun nan da takarda ke jakarki ma haka. Na san tsoro ne, kuma mai ciki wata shida da ke ganin abincin gidanta zai zube ba abin zagi ba ce. Sai dai ciwon nan ba ya jiran kowa ya gama jin tsoro. Telar ta nuna miki abin da 'yan watanni ke yi. Maganar maigidanki cewa in sun ji ciwo za su je asibiti, ki gaya masa cikin ladabi cewa an ƙirƙiro gwajin ne don kada a kai ga jin ciwon.

Shawararsa ta biyu ta fi ta farko, amma ita ma ba ta isa ba. Takarda ba suna tana iya kwana a tiren wasiƙu, ana iya ɗaukarta sharrin wani kamfani, ana iya miƙa wa manajanku ya ce zai bincika. Ko an yarda da ita, tambayar farko ita ce daga yaushe, kuma ke ce za a sake ba binciken. Kin ga kin dawo inda kike, da ƙarya ta uku a gabanki.

Ga abin da za ki yi. Gobe da safe ki buga sunayen da shafin da ke nuna gyaran da ranarsa, kwafi biyu. Ki sami manaja ki gaya masa komai, ki ce yau za a kai wa babban likitan ɗakin gwajin, kina so ku tafi tare. In ya ce a dakata a yi shawara, ki gane cewa shi ma tsoron rasa aikin yake ji, kada ki yi faɗa da shi, kada kuma ki dakata. Ki tafi da maigidanki ki sa takardar a hannun likitan, ba a teburin karɓar baƙi ba, ki tsaya har ya karanta. Kada ki kira matan da kanki, wannan aikin likita ne, kuma sirrinsu ne. Ki nemi lauya tun yau ya gaya miki matsayinki, amma ganinsa kada ya zama dalilin ƙara kwana. Ba zan yi miki alkawarin aikinki zai tsira ba, mai yiwuwa ya tafi. Abin da na sani shi ne wadda ta kawo kanta da sunaye a hannu ba ɗaya take da wadda aka tono ba, kuma irin wannan ba ya binnuwa. Wata a cikin sha taran za ta koma asibiti da saƙonku a wayarta.

Daga wurin likita ki wuce gidan Kawu, kada ya ji a bakin wani. Zan gaya miki abin da nake zargi, ko da yake ban san shi ba. Mutumin da ya shekara da shekaru yana ƙirga daga baya, har aka yi masa suna da shi, da wuya ya yarda cewa hannunsa ya juya ƙirgar bai sani ba, kuma da wuya ya ƙi neman a nuna masa sai in ya san abin da zai gani. Mai yiwuwa ya duba 'yar amininsa da cikinta ya zaɓi ya ɗauka. In haka ne, ya ba ki sunansa, kuma nasa ne, yana da ikon bayarwa. Amma bai san da sha taran nan ba, kuma ba shi da ikon ba ki su. In kuwa da gaske ya yarda shi ya yi, to kin bar dattijo yana kwana yana tashi da ran wata a wuyansa. Ko wanne ne, ki durƙusa ki faɗa, kada ki nemi ya yafe a ranar. Ki kuma tabbata an rubuta a takarda cewa ba shi ba ne, takardar ta kai ga mijin telar da ya kore shi.

Telar kuwa, ki daina zuwa tsallaken shagonta. Kada ki je gadonta don ki sauke nauyin ƙirjinki a kan nata. Ki bar saƙo wurin likita cewa in ita ko iyalinta suna son ganinki, kina nan. In sun ƙi, haƙƙinsu ne.

Mahaifiyarki ki gaya mata da kanki, a zaune, bayan ta sha maganinta, da wani babba a kusa. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi kwanaki ba ta yi miki magana ba. Iyaye mata sun fi ƙarfin yadda 'ya'yansu ke zato. Ke ma ki gaya wa ungozomarki cewa ba kya ci, don akwai wani a jerin nan da bai yi laifin komai ba.

Ki koma ƙarshen wasiƙarki ki ga yadda kika jera damuwarki. Kin fara da aikinki, sai mahaifiyarki, sai Kawu, matan suka zo ƙarshe a kalma huɗu. Wata biyu kina farowa daga gaba, kullum kina tsayawa a kan ta farko, su kuma suna zaune a ƙarshen benci ba wanda ya kalle su. Wannan karon ki yi yadda Kawu ya koya miki, ki faro daga baya.

Allah ya ba telar sauƙi, ya sa a riski sauran da wuri, ya sauke ki lafiya. Allah ya ba ki ƙarfin ƙafar hawa matakalar ofishinku gobe da safe.

Gwaggonki